Zancen Mota: Abin da Mai Ita Zai Duba da Hannunsa

A cikin wasiƙun da suka iso wa wannan fili tun daga makon jiya, akwai guda uku waɗanda bakinsu ya zo ɗaya, ko da ya ke masu su ba su san juna ba, garuruwansu ma nesa su ke da juna. Ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma, na ukun bai faɗi aikinsa ba. Ko wannensu ya yi tari, ya ci bashi ya cika, ya sayi mota. Ko wannensu kuma injin motarsa ya buga tun bai gama biyan bashin ba. Malamin makarantar ya ce kuɗin gyaran da makaniki ya yanka masa, in daga albashi zai biya, to, sai dai a sauke tukunya a gidansa har damina ta wuce. Ga motar nan a ƙofar gida, awaki na kwana ƙarƙashinta, masu bin bashi kuwa ba su daina sallama ba. Abin da su ke tambaya duka shi ne: dillali ne ya cuce su, ko makaniki, ko kuwa motocin zamanin nan ne ba su da ƙarko?

Yin shari'a tsakanin mutum da dillalinsa ba aikin wannan fili ba ne. Amma na karanta wasiƙun nan sau biyu biyu ina neman abu guda, ban same shi ba. Ko wanne ya ba da labarin ranar da ya sayi motar, da ranar da ta mutu, har da sa'ar da abin ya faru. Babu wanda ya faɗi ranar da ya zaro sandar awon mai ya duba da idonsa. Akawun nan ma cewa ya yi yaronsa ne ke lura da wannan. To, a nan gizo ke saƙar.

Iyayenmu da suka yi zamanin doki ba haka suka riƙe abin hawansu ba. Hakimi guda, da rawaninsa da alkyabbarsa, ba ya jin nauyin ya leƙa barga da sassafe. Zai duba ko doki ya cinye harawarsa, ya sa a ɗaga kofato ya gani, ya shafa baya ko sirdi ya yi masa miki, ya tambaya yaushe rabon a ba shi kanwa. Yaran barga suna nan, amma bai sakar musu kome da kome ba, domin ya san in dokin ya faɗi shi ke da hasara. Yau kuwa sai malami ya sa farar riga, ya ga buɗe bonet aikin karen mota ne, kada a gan shi da baƙin mai a hannu. Ni dai a ganina, cikin kunyar da mutum kan ji babu mai tsadar wannan. An ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma fa sai in yana ɗaga kai ya dubi rufin.

Zancen ƙarko kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Waɗanda suka manyanta cikinmu sun san Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan da aka buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Mota ce mai haƙuri, kafireto gare ta, in ta yi gardama a ƙauye makanikin gindin bishiya ya san kanta. Motocin da mu ke saye yanzu yawancinsu 'yan Kwatano ne, watau sun gama yi wa wani bauta a Turai ko Amurka kafin su iso gare mu. Injinansu sun fi na da ƙarfi da tsimin mai, in an kula da su kuma su kan yi tafiyar da na da ba su yi ba. Sai dai ba su yafe sakaci. Da yawa daga cikinsu da sanholo aka zuba su, tafasa guda ta isa ta lanƙwasa kan inji, shi ke nan an shiga kashe kuɗi.

Ga wani abu kuma da ba kowa ya lura da shi ba. Littafin da masu ƙera mota ke bayarwa tare da ita ya kan kawo tsarin kulawa iri biyu, ɗaya na motar da ke cikin jin daɗi, ɗaya na wadda ke shan wahala. In ka karanta abin da su ke kira wahala, za ka ga ƙura ce, da zafi mai tsanani, da gajeruwar tafiya ta safe da maraice, da tsayuwa cikin cunkoso inji na aiki, da ɗaukar kaya masu nauyi. Jama'a, wanne ne a ciki ba namu ba? A Sakkwato da Maiduguri zafin bazara ya kan wuce digiri 40, hunturu kuma ya kwaso mana ƙura tun daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi. Saboda haka duk mai mota a ƙasar nan, tsari na biyun nan shi ne nasa, ko da daga gida sai ofis ya ke zuwa.

Abin da na ke roƙo bai fi rubu'in sa'a a mako ba. Ka zaɓi safiyar ranar da ba ka zuwa aiki, tun ba a ta da inji ba, motar tana tsaye a wuri mai daidai, ba gangare ba tudu. Kayan aikin duka tsumma ne mai tsabta. Kafin ka taɓa kome, ka durƙusa ka dubi ƙasan da ta kwana a kai. In ka shimfiɗa kwali ƙarƙashin inji tun da dare, da safe zai ba ka labari. Ɗigo baƙi mai santsi man inji ne. Kore ko ruwan hoda, ruwan lagireto ne. Ja mai santsi, a yawancin motoci man giya ne ko na sitiyari. Farin ruwa zalla da ke ɗiga bayan an yi tafiya da na'urar sanyaya mota, wannan ba kome, raɓa ce.

Sa'an nan ka buɗe bonet ka fara da baƙin mai, gama shi ne ran inji. A cikin inji ƙarfe ke gudu bisa ƙarfe, sau dubbai a minti guda, abin da ya raba su kuwa ɗan shafen mai ne wanda bai kai kaurin gashi ba. Ran da shafen nan ya yanke, ƙarfe ya ci ƙarfe, shi ne mu ke cewa inji ya buga. Ka zaro sandar awo, wadda makanikai ke kira geji, ka goge ta da tsumma, ka mai da ita har ƙarshe, ka sake zarowa. Na biyun nan shi ne awon gaskiya. Za ka ga alama biyu a bakinta, ta ƙasa da ta bisa, tsakaninsu kuwa a yawancin ƙananan motoci kamar lita guda ne. Man ya tsaya tsakani, ya fi kusa da ta bisa. In ya yi ƙasa ka ƙara kaɗan kaɗan, kana jira ya sauka kana sake awo. Kada ka ce bari ka cika har ya wuce alama don ka huta. Man da ya yi yawa inji kan kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe, ga shi kuma ya kan tura robobin da ke toshe mai su soma yoyo.

Bayan yawa sai kama. Mai ya yi duhu ba laifi ba ne, dattin da aka sa shi kwashewa ya kwasa. Amma in ka murza shi tsakanin yatsu ka ji tsakuwa tsakuwa, ko ka ga ya yi kauri kamar kwalta, ya wuce lokacinsa. In kuwa ka ga ya koma kamar shayi da madara, to, kada ka ta da motar. Ruwa ne ya shiga mai, sau da yawa kuma gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone. A kira makaniki ya zo ya same ta inda ta ke.

Wane mai za a zuba? Nan ne na ke da magana da 'yan'uwana makanikai. Da yawansu mai guda suka sani, 20W-50, shi su ke ɗura wa ko wace mota, wai ƙasarmu da zafi sai mai kauri. Ga tsohuwar Fijo wannan daidai ne. Amma injinan da aka ƙera a shekarun baya bayan nan, hanyoyin da mai ke bi a cikinsu ƙanana ne ƙwarai, masu su kuma sun rubuta 5W-30, waɗansu ma 0W-20. Ka ba irin wannan inji mai kauri, da safe kafin man ya kai saman inji an riga an yi ta gurzar ƙarfe. Lambar da motarka ke so tana cikin littafinta, sau da yawa ma an rubuta ta bisa murfin da a ke zuba man. Ita za ka bi. In man na gama gari ne, a juye shi bayan kamar kilomita 5,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, a kuma sake filtarsa ko wane juyi. Barin tsohuwar filta da sabon mai daidai ya ke da wanda ya yi wanka ya mai da riga mai dauɗa. Ka sayi man da kanka, cikin galan rufaffe, wurin da ka amince da shi, a fasa shi a gabanka. Man da a ke aunawa cikin kwalba a bakin hanya, ba ka san abin da ya gani ba kafin ya zo kwalbar. Galan ɗin da aka juye kuma ka huda shi ko ka tafi da abinka, domin da irinsa masu jabu ke cin kasuwa.

Akwai wata fitila ja a gaban direba mai siffar buta da ɗigo a bakinta. Mutane da yawa sun ɗauka tuni ce ta ke yi, wai mai ya kusa juyi, bari a kai gida tukuna. Ba haka ba ne. In ta kama inji na aiki, ma'anarta man ya daina zagayawa da ƙarfin da ya kamata, abin da ya rage wa injin kuwa mintoci ne. Ka sauka gefen hanya ka kashe nan take, ko da ɗaurin aure za ka, ko da kana hangen rumfar. Na fi zaton cikin masu wasiƙun nan uku ba a rasa wanda ya ga butar nan ya ce bari ya ƙarasa.

Sai ruwa. A nan akwai kashedi tun kafin bayani: ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Dalili kuwa, ruwa a tukunya ya kan tafasa a digiri 100, amma murfin nan yana danne na cikin mota har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da ka murɗe murfin, dannewar ta tafi, sai ruwan duka ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri a fuskarka. Da safe inji na sanyi za ka duba. Yawancin motoci suna da 'yar tankin roba a gefe mai alama biyu, ba sai ka buɗe kome ba, ido ya isa. In ko wane mako sai ka ƙara, to, akwai inda ya ke fita. Ka matsa tiyon roba da hannu, in ya yi tauri kamar ice, ko ya yi laushi ya kumbura, ko ka ga farin busasshen tabo a bakin mahaɗa, ka sami ɓarawon.

Ruwan rijiya da na burtsatse da mu ke ɗurawa, ku dubi cikin butar shayin da ta daɗe a kan wuta, ku ga farin dutsen da ya kama ta. Abin da ke faruwa cikin lagireto ke nan, ga kuma tsatsa, alhali hanyoyin ruwa a cikinta ba su fi tsinke faɗi ba. Ruwan nan mai launi da a ke sayarwa, waɗansu na cewa na ƙasar ƙanƙara ne, mu ba ruwanmu da shi. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma kuma yana hana tsatsa, yana ƙara jinkirta tafasa, waɗannan biyu kuwa mu muka fi kowa bukatarsu. In kan hanya ne ruwa ya ƙare, ko wane ruwa mai tsabta ya fi babu. In an isa gari a juye a zuba na kirki.

Wata al'ada kuma ta bazu, da mota ta iso daga Kwatano sai a ce a cire mata tamostat, a ɗaure fanka ta yi ta juyi ba tsayawa, wai don Turawa aka sa shi. Tamostat ɗan ƙyaure ne a hanyar ruwa. Yana rufe har inji ya ɗumama, sa'an nan ya buɗe, don injin ya zauna a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, watau wajen digiri 90. In an cire shi, da safiyar hunturu inji ba ya ɗumama da wuri, kwamfutar motar ta ga sanyi ta yi ta ƙara fetur, ƙarfe kuma ya fi cin juna. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 ba na tsammanin akwai mai albashin da ke da fetur na zubarwa. Motar da ke zafi tana da dalilinta: ko lagireto ta toshe, ko fanka ta mutu, ko murfi ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ɗin kansa ya maƙale, a sake wani. A nemi dalilin a gyara. In kuma allurar zafi ta hau kana tafiya, ka tsaya ka kashe, ka ba ta rabin sa'a ko fiye. Kada ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi. Abin da ke samun tulun da aka ciro daga wuta aka tsoma a rafi shi zai same shi.

Filtar iska tana cikin wani akwatin baƙar roba kusa da inji, yawanci da 'yan maƙalai a ke buɗe shi, ba a bukatar ko sifana. Da takarda aka yi ta, saboda haka ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Ka ciro ta ka bubbuga a hankali, ka ɗaga ta wajen rana. In haske ba ya ratsa ta, a sake wata. Da hunturu a duba ta ko wane mako biyu. Wanda ya cire ta ya yar, wai don mota ta sha iska, ya sani yashi ya ke ba injinsa.

Batir kuwa zafi ke kashe shi a ƙasarmu, ba sanyi ba. Ka girgiza shi ka ji ko a ɗaure ya ke, domin gargadar hanya na karya abin da ke cikinsa. Farin garin nan da ke taruwa a kawunansa yana hana wuta wucewa, har a ce batir ya mutu alhali da ransa. Maganinsa yana madafar gidanka: a jiƙa kanwa kaɗan a ruwa, a goge da tsohon buroshi, a share, a shafa ɗan giris. A lura kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir. In za ka cire waya, ka fara da mai alamar ragi, in za ka mayar ita ce ta ƙarshe. In batir ɗin mai murafu ne, ruwan da ke ciki ya rufe faranti, abin ƙari kuwa tataccen ruwan batir kaɗai, ba asid ba. Kada a kusance shi da ashana ko taba, iskar da ke fita daga cikinsa tana kama wuta. Tun da kana wurin, ka dubi fanbel ko ya tsattsage ko ya saki. A motoci da yawa shi ke juya abin cajin batir da famfon ruwa gaba ɗaya, don haka in fitila ja mai siffar batir ta kama kana tafiya, ka sa ido kan allurar zafi.

Duk abin da na faɗa zuwa nan zancen dukiya ne. Birki da taya kuwa zancen rai ne, naka da na iyalinka da na wanda ke tafiya a gefen hanya bai san hawa ba bai san sauka ba.

Man birki yana cikin 'yar tanki ta bayan inji, ɓangaren direba. In yana sauka a hankali cikin watanni, abin da ke damƙe faifan birki ne ke cinyewa, lokacin sakewa ya matso. In ya sauka farat ɗaya, yoyo ne, motar ba ta fita sai an gyara. Lambar man tana bisa murfin, DOT 3 ko DOT 4, ba a zuba wani mai dabam ko da na minti guda ne. Man nan yana shan danshi daga iska, in ya sha kuwa ya kan tafasa a doguwar gangara, ka taka birki ka ji shi kamar auduga. Don haka a ke juye shi duk shekara biyu, don haka kuma ba a sayen wanda aka daɗe da buɗewa. Ka ta da inji, ka taka birki da ƙarfi ka riƙe kamar rabin minti. In ƙafarka na nutsewa a hankali, maza wurin makaniki, a kuma tafi da ita sannu.

Taya ita ce aka fi zalunta. Ka tsaya wurin mai faci, ya buga ta da ƙarfe ya saurara, ya ɗura mata 45 ko 50, ya ce ta yi. In ka yi magana ya nuna maka lambar da ke jikin tayar. Lambar nan iyakar abin da tayar ke iya ɗauka ce. Awon da motarka ke so yana kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a yawancin ƙananan motoci kuwa tsakanin 30 da 35 ne. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, birki ba ya kamawa sosai, ko wane rami kuma sai ya daki motar har ƙashi. Waɗansu direbobi kuma sun ɗauki kishiyar wannan, su kan rage iska da bazara wai kada taya ta fashe. Wannan ya fi haɗari. Tayar da ba ta da isasshiyar iska lanƙwashewa ta ke yi tana miƙewa ko wane juyi, kamar wayar da ka ke lanƙwasawa don ka karya, ta yi ta ɗaukar zafi har ta tarwatse, ga shan fetur. Ka sayi gejin iska naka, bai kai kuɗin cin rana biyu ba. A auna da safe taya na sanyi, ko wane mako biyu, har da safaya, wadda ba a tunawa da ita sai a dokar daji. In ka auna bayan doguwar tafiya za ka ga awon ya hau. Haka ya kamata, kada ka sace iskar.

Yadda taya ta cinye shi ma labari ne. Tsakiya ta cinye, iska ta yi yawa. Gefe biyu, ta yi kaɗan. Gefe guda, ƙafafun motar sun karkace, a kai a daidaita su. Cikin kwarin zanen taya akwai 'yan tudu da aka sa da gangan, tsawonsu milimita 1.6, ran da zanen ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki, da damina ba za ta iya korar ruwa daga ƙarƙashinta ba. In ka ga ƙulu ya fito a gefenta, zaren ciki ne ya tsinke, babu facin da ke gyara wannan.

Ko kun san taya tana da ranar haihuwa? A gefenta akwai layin rubutu da ya soma da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tun daga shekarar 2000 haka a ke rubutawa. Wadda ka ga lambobinta uku ne, ta girmi waɗansu masu karanta wannan fili. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, rana kuma tana gaggauta tsufan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta sha faɗakarwa cewa shekara huɗu ne ran taya. Masu ƙera ta a Turai sun fi sassauci, sun ce in ta shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa ko wace shekara, in ta kai goma a yar ko da zanenta na nan. Su a ƙasar sanyi su ke magana. Mu da kwaltarmu ke narkewa da azahar, gara mu karkata wajen gajeren. Tayar gwanjo da a ke shafa wa baƙi ta yi ƙyalli, ka karanta lambarta kafin ka yi tayi. In ta fashe a hanyar Zariya a kan ce tsautsayi ne, kuma ba na musun tsautsayi, amma lambobin nan huɗu suna rubuce tun ranar da aka biya kuɗinta.

Sauran ƙanana ne. Ka sa yaro ya tsaya a baya ya gaya maka ko fitilun birki da na sigina suna kamawa. Robar share gilashi hunturu kan busar da ita, a sake ta kafin ruwan farko, kada kuma a kunna ta bisa busasshiyar ƙura, tana karce gilashi. Dogon ɗumama mota da safe ana taka totur, na zamanin kafireto ne; ta yanzu rabin minti ya ishe ta, sai ka tafi a hankali har ta ɗumama. Ka waiwayi hayaƙin salansa: shuɗi, inji na ƙona baƙin mai, baƙi, fetur ya yi yawa, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba.

Masu karanta wannan fili mutanen alƙalami ne, rajista da lissafi su ne abincinku, abin mamaki kuwa da wuya ka sami wanda ya buɗe wa motarsa littafi. Ka sayi na 'yan makaranta guda ka ajiye cikin mota. Duk abin da aka yi mata ka rubuta kwanan wata, da kilomitan da agogonta ya nuna, da irin man da aka zuba, da kuɗin da ka biya. Da shi za ka gane tana shan mai ko ba ta sha, da shi za ka tuna wa makaniki cewa abin da ya ce a sake, wata uku ke nan da sakewa, ran da za ka sayar kuma shi ne shaidarka.

Akwai ayyukan da ban ce ka yi da kanka ba. Kwance birki na masu sana'a ne. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga. Fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji, in ta kama, a kai wurin mai na'urar da ke karanta kwamfutar mota, kada a yarda a cire ƙwan ko a liƙe shi da baƙin tef. In kuwa ƙyaftawa ta ke yi, a rage gudu a nufi gareji ran nan. Sa'an nan akwai bel na cikin inji, mai haƙora, wanda ba a ganinsa sai an kwance murfi. Waɗansu motoci sarƙa gare su a madadinsa, amma masu bel ana sake shi gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Ba ya ba da sanarwa kafin ya tsinke, in ya tsinke kuwa a injina da yawa sai an kwance kan inji duka. Wanda ya sayi 'yar Kwatano ba a ba shi takardar ranar da aka sake shi ba, ya sa a sake tun yanzu, ya buɗe littafinsa da wannan.

Mai tambaya a kan man giyar mota mai sarrafa kanta, da wadda ta rubuto a kan sayen batir, ku yi haƙuri fili ya ƙare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.